Balbela tana ƙonewa, shirwa tana fitowa baƙa: kyamara ce ko haske?

Tambaya, daga wani matashi mai ɗaukar hoton biki a Jos: "Malam, shekarata huɗu ina hoton biki da suna da walima, kuma alhamdu lillahi ba a kuka da aikina. A bana sha'awar tsuntsaye ta kama ni, har na sayi lensi na hannu mai milimita 70 zuwa 300. Amma abin ya ƙi. Balbela sai ta fito fara fat, babu alamar gashi. Shirwa a sama sai ta fito baƙa ƙirin kamar an yanko ta da almakashi. A cikin kurmi kuwa komai dishi-dishi yake. Da hunturu ya shigo sai abin ya ƙara lalacewa. Kyamarar ce ba ta kai ba, ko in tara kuɗi in sayi babban lensi?"

Ƙanena, ajiye kuɗinka tukuna. Duk abubuwan nan da ka lissafa, babban lensi ba zai gyara ko ɗaya daga ciki ba, sai dai ya ba ka ƙonanniyar balbela wadda ta fi girma a hoto. A gidan biki kai ne mai iko da haske. In ɗaki ya yi duhu ka kunna filashi, in fuskar amarya ta yi inuwa ka ce ta ɗan juyo wajen taga, ta juyo. Tsuntsu ba ya jin "ɗan juyo nan". Abin da ya rage a hannunka a daji shi ne wurin da ka tsaya, lokacin da ka fito, da sanin inda ma'aunin kyamararka yake yin kuskure. Na ƙarshen nan zan fara da shi, domin shi ne ya ɓata maka balbela da shirwa gaba ɗaya.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kyamara akasin haka take: mudu ce, amma ba ta san kima ba. An ƙera ma'aunin hasken da ke cikinta ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in aka gauraya farinsa da baƙinsa, zai tashi ruwan toka tsaka-tsaki. Ba ta san balbela fara ce ba, ba ta san hankaka baƙi ne ba. Ka ɗauki balbela a bakin ɗaya daga cikin kududdufan nan da haƙar kuza ta bari, irin na Rayfield. Ruwan yana da duhu, ya cika kashi tara cikin goma na hoton. Kyamara ta duba ta ce wurin nan ya yi duhu, bari in ƙara haske. Ta haska ruwan, balbelar da take fara tun asali ta wuce iyaka, gashinta ya narke ya zama farar takarda. Shirwa kuma sararin sama ne ya cika bayanta. Kyamara ta ce haske ya yi yawa, ta rage, sama ta fito daidai, tsuntsuwar ta nutse cikin baƙi.

Maganin gaggawa shi ne maɓallin nan mai alamar +/− da yawancin masu hoton biki ba sa taɓawa. Farin tsuntsu a gaban duhu, rage mataki ɗaya, wani lokaci har ɗaya da rabi. Tsuntsu a gaban farar sama, ƙara mataki ɗaya zuwa biyu. Kowane mataki ninki biyu ne na haske, saboda haka ba ƙaramin sauyi ba ne. Sama za ta ƙone in ka ƙara, kada abin ya dame ka, ba hoton sama ka fito ɗauka ba.

Amma ga tsuntsu mai tashi ni ban yarda da wannan hanya ba, kuma ga dalili. Shirwa tana shawagi, yanzu bayanta sama ce, bayan daƙiƙa biyu ta ratsa gaban dutse, sannan gaban itacen mangwaro. Hasken da ke sauka a jikinta bai sauya ba ko kaɗan, bayanta ne kawai yake sauyawa, amma ma'aunin kyamara yana ta hawa da sauka. Gara ka koma M, wato inda kai ne kake saita komai da hannunka, ka auna hasken a kan abin da yake tsaka-tsaki kuma rana ɗaya take dukansa da tsuntsun, kamar ciyawa ko jikin dutse, ka kulle a nan. In rana ta fito sosai babu gajimare, fara da ƙofar lensi a f/8, shota (tsawon lokacin da haske yake shiga) a 1/1600 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 400. Wannan tsohon lissafi ne tun zamanin fim, kuma har gobe yana aiki. In farin tsuntsu ne, kai shota 1/3200. Muddin rana tana bayanka kuma gajimare bai rufe ta ba, ba ka da buƙatar sake taɓa komai. Ka je kusa da kwata ko bayan kasuwa inda shirwa take taruwa, ka yi safiya uku kana wannan kaɗai. A da da ungulu ake koyon wannan darasi a irin waɗannan wurare, yanzu sai ka yi wata da watanni ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. In Allah ya haɗa ka da ita, ka ɗauke ta da kyau, ka rubuta rana da wuri.

Kada ka amince da allon bayan kyamara a cikin rana. Yana ruɗi, komai duhu yake nuna maka. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa, ka kuma koyi duba histogiram, wato zanen tudun nan da ke nuna yadda haske ya rarrabu daga baƙi a hagu zuwa fari a dama. In tudun ya manne da bangon dama kuma jikin tsuntsun ne yake ƙyaftawa, rage. Ka kuma ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da yake riƙe duk abin da kyamara ta kama. Inuwar da ta yi duhu ana iya ɗago ta a kwamfuta, amma farin da ya ƙone babu abin da ya rage a cikinsa da za a dawo da shi.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Darussan da kake gani a YouTube mafi yawansu mutanen Turai da Amurka ne suke yi, kuma a can, musamman lokacin sanyinsu, rana takan daɗe tana rarrafe a ƙasa-ƙasa. Mu a Jos muna wajen digiri 10 ne kawai arewa da tsakiyar duniya. Ranarmu miƙewa take yi kusan tsaye, tana hawa kimanin digiri 15 a kowace sa'a. A Janairu takan fito wajen 6:45, a ƙarshen Mayu kuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma zuwa ƙarfe 9 ta kai digiri 30 ko ta wuce. A tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta tsaye take bi ta kan ƙoƙon kanka da tsakar rana. Ma'ana, lallausan hasken nan da yake shiga idon tsuntsu ya bar ɗigon ƙyalli a ciki, yake kuma haska ƙirjinsa da ƙarƙashin fukafukinsa, sa'a biyu ne kawai da safe, sai kuma daga bayan la'asar. Wanda ya idar da sallar asuba ya koma ya kwanta, ya fito ƙarfe tara da rabi, ya riga ya rasa kasuwar ranar. Ka yi asuba, ka ɗauki jakarka, fitowar rana ta same ka zaune a wurin.

Da ka isa, kafin ka nemi tsuntsu nemi inuwarka. Inda inuwarka ta nuna, can za ka fuskanta. Na sha ganin masu koyo sun hango tsuntsu a gabas da sassafe sun nufe shi kai tsaye, sun ƙare da baƙin hoto. Zagayawa ake yi, ko da zai ɗauke ka minti goma, ko da tsuntsun zai tashi. Wani zai zo.

Tsakar rana kuma tana da wata illar da mutane suke ɗora wa lensi alhali ba laifinsa ba ne. Duwatsun nan namu in suka ɗau zafi, iskar da ke kansu takan riƙa rawa, irin yadda kake ganin kwalta tana kawalwalniya. Duk abin da ka ɗauka daga nesa ta cikin wannan iska zai fito kamar an shafa masa mai, komai tsadar lensin. Lensi mai tsawo ma ya fi nuna ta.

Hunturu kuwa, ni ina ganin ka yi masa gaggawar hukunci. Ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana tsayawa ne tsakaninka da abin da kake ɗauka. Gwargwadon nisa, gwargwadon kaurin labulen. Tsuntsun da ke mita hamsin zai fito fari-fari ba armashi, kyamara ma ta riƙa kai-komo tana neman inda za ta kama saiti domin babu tsayayyen baƙi da fari. Amma tsuntsun da ke mita biyar ko shida, ƙurar da ke tsakaninku ba ta taka kara ta karya ba, kuma hazon da ke sama ya zame maka abin da farar lemar filashi take yi maka a wurin biki: ya tace rana, ya tausasa inuwa. A ranar da hazo ya yi kauri kana iya ɗaukar balbela da ƙarfe goma gashinta ya fito ɗaya-ɗaya. Saboda haka dokar hunturu ita ce kusanta, kuma ba a kusantar tsuntsu da bin sa. Ruwa ake nema. A rani duk wani ɗan gurbin ruwa da ya rage a gindin dutse, tsuntsaye za su zo masa. Zauna rana a bayanka, sa tufafi masu duhu-duhu, ka yi shiru. Bayan minti ashirin ko talatin sun manta da kai. Lokacin ne kuma baƙin tsuntsaye da suke guje wa sanyin Turai suke nan tare da mu.

Abu biyu ka kiyaye a hunturu. Na ɗaya, fitar da sama daga hotonka, domin fara ce fayau ba ta ƙara komai. Matsa hagu ko dama, ko ka ɗan hau tudu, har bayan tsuntsun ya zama dutse, ko ganye, ko shingen ƙerana irin na ƙauyukan Filato. Taki biyu yakan raba hoton da za a share da wanda za a rataye a bango. Na biyu, kada ka cire lensi a fili. In ƙura ta sauka a kan sansa, wato farantin da yake karɓar hoto a cikin kyamara, duk hoton da ka ɗauka da ƙaramar ƙofa kamar f/16 zai fito da ɗige-ɗige a sama. In dole ne, shiga mota ka rufe gilashi, ka kifa bakin kyamarar ƙasa. Kuma kada ka goge lensi mai ƙura da gefen riga, yashi ne, zai karce shi. Hure shi da famfon roba tukuna.

Sanyin Disamba da Janairu ma yana yi maka aiki. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, tsaunukan Shere sun haura 1,800, kuma da asuba sanyi yakan kai inda hannu yake ƙagewa. Da rana ta ɓullo, rema takan fito kan dutse shan hantsi, ƙadangaru ma haka, tsuntsaye su hau reshen da rana ta fara taɓawa su kumbura gashi su zauna shiru. Ba ka samun su a natse haka a wani lokaci. Sa batirin ajiya a aljihun ciki, sanyi yana saurin shanye shi.

Tunda a Jos kake, ba sai ka yi nisa ba. Dajin Amurum yana Laminga, gabas da gari, kimanin hekta 300, kuma a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos. An ga nau'in tsuntsu sama da 300 a wurin. Ka nemi izini kafin ka shiga, wurin bincike ne. Abin da ya sa nake tura masu koyo can shi ne a ɗan taƙin nan akwai duwatsu, akwai fili mai ƙananan itatuwa, akwai kurmi a bakin rafi, wato haske iri uku a safiya ɗaya. Akwai kuma tsuntsaye biyu da mutane suke tasowa daga ƙasashen waje domin su, kuma kowannensu jarrabawa ce ta haske.

Na farko wani ɗan mitsitsin jan tsuntsu ne mai zama a duwatsu, bai wuce tsawon yatsa da kaɗan ba, wanda masanin tsuntsaye Robert Payne ya bayyana wa duniya a matsayin sabon nau'i a 1998, da sunan kimiyya Lagonosticta sanguinodorsalis. Ja launi ne mai yaudara. Kyamara tana tara ja da kore da shuɗi daban-daban, kuma jan yakan cika ya tumbatsa tun sauran biyun ba su kai ko'ina ba. Histogiram na gama-gari zai ce maka lafiya lau, ka dawo gida ka tarar bayan tsuntsun ya zama jan fenti ba gashi. Kunna histogiram mai launi uku ka duba na ja, ko kuwa ka rage kashi biyu cikin uku na mataki tun farko. Haka za ka yi wa kan ƙadangare da jan fure. Na biyun, Vidua maryae, shi ne wanda matarsa take saka ƙwai a sheƙar jan tsuntsun nan ta bar masa reno, namijin kuma yana kwaikwayon kukansa. A lokacin aure namijin baƙi ne mai sheƙin kore. Sheƙin nan ba ya fitowa sai rana tana ƙasa-ƙasa kuma tana bayanka sak. Ka kauce kaɗan, baƙin ɗigo kawai za ka samu. Hankaka shi ne abin gwajinka a cikin gari, domin ya haɗa baƙi da fari a jiki ɗaya: auna don farin ƙirjin kada ya ƙone, ka bar wa hasken safiya aikin fito da baƙin.

Sai kurmi, inda ka ce komai dishi-dishi. Nan ba ma'auni ne ya cuce ka ba, tsoron ISO ne. Masu hoton biki an koya musu cewa wuce 800 ɓarna ce. A ƙarƙashin itatuwa haske ya ragu ninki da yawa, kyamara ta sauke shota zuwa 1/30 ko 1/60, hannunka yana rawa, tsuntsun yana motsi. Lensinka a 300, a kan ƙaramar sansa irin ta yawancin kyamarorin Nikon da Canon na masu farawa, daidai yake da 450 zuwa 480, don haka hannu kaɗai yana buƙatar wajen 1/500, sai fa in lensin yana da abin rage girgiza. Buɗe ƙofar lensi iyakarta, tsayar da shota a 1/320 ko 1/500, ka bar ISO ya hau 1600, 3200, har 6400 in ta kama. Hoto mai tsaki-tsaki ana tace shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ya yi kyau. Hoton da ya girgiza ba shi da magani. Jingina da itace, matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ka saki huɗu ko biyar a jere, sau da yawa na tsakiya ne yake fitowa garau. Zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya ka ɗora a ido, in ba haka ba kyamara za ta kama ganyen da ke gaba.

Mafi wuya a kurmi shi ne hasken nan mai dabbare-dabbare, rabin tsuntsu a rana rabi a inuwa. Ido yana ganinsa da kyau, kyamara ba ta iya ɗaukar duka biyun. Ni ba na wahalar da kaina a kansa. Jira nake ya matsa ya shiga inuwa gaba ɗaya, ko gajimare ya gifta. Shi ya sa ranar da gari ya lumshe ita ce ranar kurmi. Ganye kuma yakan zuba wa gashin tsuntsu kore-kore, wannan a RAW gyaran daƙiƙa biyar ne.

Damina ba ta da wuya kamar yadda ake zato. In ruwa ya ɗauke da yamma, iska ta wanku, baƙin hadari yana gabas rana tana yamma, balbela ta ratsa gaban hadarin nan, babu hasken da ya kai wannan a duk shekara. Rage mataki ɗaya ka ɗauka. Hazon safiya na Yuli da Agusta kuwa ƙari yake so, wajen mataki ɗaya, in ba haka ba ya fito toka-toka. Ka sauko daga kan dutse da ka ji tsawa. A gida kada ka bar lensi a rufe cikin jaka mai danshi, fumfuna takan tsiro a cikin gilashin, ka ajiye shi a roba mai murfi da ƙwayoyin nan masu tsotse danshi irin na kwalin takalmi. In ka je Assop ɗaukar ruwa mai zubowa, je da ranar gajimare, ɗora kyamara a kan ƙafa uku ko dutse, shota 1/4 zuwa 1/15.

Dabbobi manya, fara da gidan namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Wayar keji tana ɓacewa in ka cika sharuɗɗa: lensi a 300, ƙofa a buɗe, kai kana kusa da wayar iyakar inda aka yarda a tsaya, dabbar tana nesa da ita, kuma rana ba ta dukan wayar. In rana tana kanta za ta bar farin zane a hoton ko me ka yi, nemi ɓangaren da ke inuwa. Dabba mai duhun fuska kamar gwaggon biri, a fuskar za ka auna.

Akwai wurin da zan roƙe ka kada ka kai filashinka. Mujiya da yautai idonsu na dare ne, kuma yautai a ƙasa take kwanciya, a ƙasa take ƙwai. Na taɓa ganin wasu sun kewaye wata da fitilu suna ta walƙa mata haske har ta tashi ta bar ƙwanta a fili cikin sanyi, kuma abin bai bar raina ba har yau. Haka kunna kukan tsuntsu a waya don a janyo shi lokacin da yake kan sheƙa, ko karya reshen da ya rufe sheƙar don haske ya shiga. Reshen nan shi ne ya ɓoye 'ya'yan daga shaho da rana. In haske bai isa ba, a bar hoton. Kuma dogon lensi yana jan ido a garin nan, ka gaida mutanen wurin ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nisanci shingen jami'an tsaro da shi, kada kuma ka hau duwatsun da ba ka sani ba kai kaɗai.

Game da lensin naka, irinsa yakan ɗan yi laushi a 300 in ƙofa tana buɗe gaba ɗaya, don haka in haske ya wadata sa shi a f/8. Ranar Asabar mai zuwa ka kasance a bakin madatsar ruwa ta Lamingo kafin 6:30, rana a bayanka. Balbelar farko da ta sauka, ɗauke ta sau uku: a sifili, a −1, a −2. Shirwar farko da ta gifta, ita ma sau uku: a sifili, a +1, a +2. Turo mini shidan yadda suke ba gyara, mu duba su tare.